Ilimi Mai Amfani

A ƙasar Hausa ba a cika yi wa ɗalibi addu'ar ilimi tsurarsa ba. Tsohuwar da jikanta ya durƙusa ya gaishe ta zai tafi makaranta, da liman bayan an sallame salla, da maƙwabcin da aka kai wa tuwon saukar karatu, duk bakinsu ɗaya: "Allah ya ba da ilimi mai amfani." Mun saba jin addu'ar har mun daina sauraron abin da ke cikinta. Duk wanda ya ce "mai amfani" ya riga ya yarda akwai wani ilimin da ba ya amfanar kowa, kuma yana gudun kada yaron ya kwaso irinsa. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga ilimin da ba ya amfani. Ke nan tun kafin a gina aji na farko a ƙasar nan, mutanenmu suna da ma'aunin da suke auna karatu da shi, kuma ma'aunin yana waje da makaranta: yana gida, yana gona, yana kasuwa, yana masallaci.

Yau ga matashi ya yi shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, 4 ko 5 a jami'a, ya ƙara guda ta bautar ƙasa, ya dawo ya zauna a dakalin ƙofar gida yana jiran kira. Ƙaninsa yana kallonsa yana cewa a ransa, in dai ƙarshen abin ke nan, gara tun yanzu in nemi babur mai ƙafa uku. Uban da ya jinginar da gona ya biya kuɗin makaranta ya yi shiru, kuma a cikin shirun akwai tambaya: wai me aka tura yaron nan ya samo? Ina ganin wani sashe na amsar yana cikin kalmomin da muke furtawa kullum, karatu da malam da aiki da takarda. Ma'anarsu ta sauya a bakinmu cikin shekara ɗari da 'yan kai, kuma wanda ya bi sawun sauyin zai ga inda makaranta ta raba hanya da rayuwa.

A da, in an ce wane yana karatu, ba a nufin ya jingine rayuwa sai ya gama. Almajirin tsangaya shi ke fiƙe alƙalaminsa daga gamba, shi ke haɗa tawadarsa da ƙaro, shi ke samo itacen da za a hura a yi karatun dare. Da damina yana gonar malam, da rani yana ɗinkin hula ko aikin wuyan riga tsakanin darasi da darasi. Daga kolo ya zama titibiri, daga titibiri ya zama gardi, kafin a kira shi alaramma hannunsa ya riga ya san fartanya da allura. Wanda ya sauke ya wuce zauren malamin ilimi kuwa, littattafan da ake biya masa suna amsa tambayoyin da zai tarar a bakin ƙofa. Ahalari ya koya masa tsarki da salla. Risala ta kai shi ga aure da saki, da ciniki da bashi, da zakka da rabon gado. Abin da aka biya masa da hantsi, kafin la'asar wata bazawara ta aiko tana tambaya a kai, ko 'yan'uwa biyu sun shigo da rigimar gona.

Zamanin yana da nasa aibin. An sha bulala, da yawa sun tsaya a tilawa ba su kai ga ma'ana ba, an kuma bar mata a baya, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin addininsu ba. Amma dubi irin maganin da aka nemo. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta jira matan karkara su bar daka da girki su tare a wurinta ba. Ta zaɓi dattawan mata, kowacce ta naɗa ta jaji ta ɗora mata malfa, ta ba su waƙoƙin karantarwa da suke haddacewa su kai ƙauyuka. Su ne 'Yan Taru. Ilimin ya tafi inda matan suke, cikin harshen da suke magana da shi. Ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar mulki da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sa kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Babban malami ne ya rubuta wannan, kuma bai ga wata tazara tsakanin alƙalami da uwar maƙera ba.

Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903. Zuwa 1914 ƙiyasin gwamnatin Lugga ya nuna makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Sai dai ba irin wannan karatun sabuwar gwamnati ke nema ba. Tana neman wanda zai rubuta sunayen masu biyan haraji da boko, ya ƙidaya shanun jangali, ya riƙe littafin baitulmali. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a yi masa adalci, ya haɗa da sashen koyon sana'o'in hannu. Amma ƙofar da ke kai mutum ga albashi da kusantar fada ba ta wannan sashen take ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta fitar da mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam, dukkansu sun fara da koyarwa a makarantun Midil, kuma sun yi wa ƙasarsu hidimar da ba a mantawa. Abin da talaka ya gani a tare da su, ban da hidimar, shi ne hanyar da suka bi suka ɗaukaka.

A lokacin ne kalmar malam ta faɗaɗa. Bayan malamin zaure da na tsangaya, sai ga malamin haraji, malamin daji, malamin gona, malamin asibiti, malamin kotu. Mutumin ƙauye ya duba ya ga abu ɗaya ya haɗa su: alƙalami a aljihun riga, keke ko doki, da albashi a ƙarshen wata, ko an yi ruwa ko an yi fari. Shi kuwa abincinsa na rataye da damina. Wane uba ne zai ga haka bai so wa ɗansa ba? Iyayen da suka riƙa ɓoye 'ya'yansu in an zo kamun 'yan makaranta, jikokinsu ne suka koma sayar da akuya don biyan kuɗin jarrabawa. Sun karɓi makarantar, sun kuma karɓe ta da wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: mu ba ku yaro, ku mayar mana da shi malamin gwamnati.

Daga nan kalmar aiki ta fara ƙuntata. Harshen da ke cewa aikin gona, aikin gayya, aikin hajji, aikin lada, shi ne ya wayi gari yana cewa "wane ya samu aiki" in an ɗauke shi a ofis kaɗai. Ma'aikaci ya zama sunan mai karɓar albashi. Manomin da ya fita tun asuba ya dawo da azahar gumi ya jiƙa rigarsa, ba ya cikin ma'aikata. Za ka tambayi saurayi mai digiri abin da yake yi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni da aiki, ina ɗan taɓa ɗinki kafin Allah ya kawo," alhali shagonsa da kekuna huɗu da yara masu koyo, shi ke ciyar da mahaifiyarsa, shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Za a zo neman aure, waliyyi ya tambaya, "Yana aiki?" kuma kowa a zauren ya san wane aikin ake nufi. Wannan ƙuntatawar ta yi mana ɓarna mai yawa. Ta koya wa mai karatu jin kunyar hannunsa, ta koya wa mai sana'a ganin littafi ba nasa ba ne. Ta sa ɗan maƙeri da ya yi sakandare yana tsallake maƙerar ubansa kamar bai san ta ba, maimakon ya shiga da abin da ya koyo ya gyara zugazugin.

Yarjejeniyar ta yi aiki muddin masu takarda ba su da yawa. A shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ke neman 'yan ƙasa su maye guraben ofisoshi, wanda ya gama Midil ma kujera ke jiransa. Aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu jami'o'in suka biyo baya, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe wa miliyoyin yara ƙofa. Duk wannan alheri ne. Amma kujerun ofis ba su ƙaru yadda ɗalibai suka ƙaru ba. Tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo a 1986, masaƙun Kaduna da na farkonsu ya fara aiki a 1957 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa da yawa suka yi tsit. Masu tsara ilimi sun hango matsalar. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 an yi shi ne don yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fita da wata sana'a a hannu. Aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sun tsufa cikin akwatunansu, don babu ɗakin aiki, babu wutar lantarki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Yara suka koyi zarto da guduma a jikin allo, suka zana su a jarrabawa, suka ci.

Abin da ya rage a hannun ɗalibi shi ne takarda, kuma cikakken sunanta takardar shaida. Shaida a wurinmu abu ne mai nauyi. Mai shaida a gaban alƙali yana faɗin abin da idonsa ya gani ne, yana sane da cewa za a tambaye shi gobe kiyama. Shugaban makarantar da ya sa hannu a takarda yana cewa ne, na ga yaron nan, ya san abin da aka rubuta, ya kuma iya shi. To in yaron ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki da kansa fa? In uba ne ya biya aka kai shi cibiyar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo fa? Sunan wannan shaidar zur, kuma hannu da yawa ne a cikinta: na uban da ya biya, na mai sa ido da ya kau da kai, na jami'in da ya buga hatimi. Zunubin ba ya tsayawa a takarda. Yana bin ta zuwa ɗakin haihuwa inda aka ɗauki wadda ba ta iya auna jini ba, zuwa gadar da ta rufta, zuwa ajin da malaminsa ba ya iya karanta littafin da aka ba shi ya koyar. Malaman zaure sun san nauyin abin, shi ya sa ba sa ba almajiri izinin karantar da littafi sai sun ji shi, kuma yana ɗauke da sunayen waɗanda ya karanta a wurinsu. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don lissafa malamansa da abin da ya ɗauka a wurin kowannensu.

Bikin kammala karatu muna kiransa yaye ɗalibai, kalmar da muka aro daga ɗakin uwa. Uwa ba ta yaye yaro don watanni sun cika kawai. Tana duba ko ya fara cin tuwo, ko ƙafarsa ta yi ƙwari, ko zai iya kwana a ɗakin kakarsa. Bakanike ma haka yake yi wa yaronsa: sai ya ga ya sauke inji ya ɗaure shi ya tashi, sannan ya sallame shi ya buɗe nasa garejin. Makaranta kaɗai ce ke yaye da ƙidayar shekaru, ta yi taro da rumfa da riguna, ta sallami wanda har yanzu sai an ba shi a baki.

Wannan ne ya sa wasu matasa suka yanke hukunci cewa karatu ba shi da amfani. Ina jin ciwon da ke bayan maganar, amma hukuncin kuskure ne, kuma kuskure mai kisa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu masu neman halal ne, talauci da tsadar zinariya suka sa su kawo duwatsun ma'adini cikin gida suna dakawa suna niƙawa. Duwatsun suna ɗauke da dalma, ƙurarta ta bazu a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma tana cikin jadawalin sinadarai da ɗalibanmu na sakandare ke haddacewa kowace shekara, har da alamarta da lambarta. Ilimin da zai ceci yaran nan yana cikin manhaja, amma an koyar da shi a matsayin amsar jarrabawa, ba a taɓa haɗa shi da ƙurar da ke tashi daga turmi ba. Laifin na yadda aka koyar ne, kuma maganinsa ƙarin ilimi ne, wanda aka kawo shi har tsakar gida.

Haka abin yake a ƙananan al'amura na kullum. Uwar da ta san a lita 1 ta ruwa mai tsabta ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ta kuma san dalilin da ya sa gudawa ke kashe yaro ta hanyar ƙarar masa da ruwan jiki, ta riƙe ran ɗanta har a isa asibiti. Manomin da ya gane cewa ƙwaron wake ma numfashi yake yi, ya zuba wakensa a buhu mai leda biyu a ciki ya ɗaure tam, ƙwarin su mutu don iska ta ƙare musu, ba ya bukatar barbaɗa guba a abincin mutane. Rashin wannan sanin yana da farashi: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Mijin da ke cewa shi dai mace ce za ta duba iyalinsa a asibiti, ya kamata ya tambayi kansa 'yar wa za ta yi karatun, in kowa ya cire tasa daga aji uku.

Kada kuma a ɗauka amfanin makaranta ya tsaya a ciki da aljihu. Rayuwa ta fi neman abinci faɗi. Lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, magidanta masu furfura suka riƙa zama a ajin yamma suna haɗa baƙi da wasali. Ba kujerar ofis suke nema ba. Suna so su karanta wasiƙarsu ba tare da wani ya ji sirrin gidansu ba, su duba rasidin haraji, su ga abin da sikelin gyaɗa ya nuna da idonsu, su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, su san abin da ake yankewa a kansu a Kaduna. Mutuncinsu suke nema. Yau ma bukatar tana nan, ta ma ƙaru: saƙon ƙarya yana yawo a waya, ɗan damfara yana neman lambar sirri ta banki, ɗan siyasa yana kawo alkawari, mai wa'azi yana kawo fatawa ba tushe. Yaron da aka koya wa tambayar "wa ya faɗa, a ina ya samo, me zai ci in na yarda" ya samu garkuwar da za ta bi shi har tsufa. Tarihi da adabi da nahawu nan ne aikinsu yake. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ajin da ake dukan yaro in ya yi tambaya yana kashe wannan ɗabi'ar tun tana ƙarama.

Haɗa aji da rayuwa ba ya bukatar jiran injuna daga waje, don kayan aikin suna kewaye da mu. Malamin lissafi da ke fama da yara a kan kaso yana da zakkar hatsi, ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 ga noman ban-ruwa mai wahala. Yana da rabon gado da rabinsa da rubu'insa da sumuninsa da sudusinsa. Alhawarizmi na Bagadaza, wanda littafinsa na ƙarni na 9 ya ba aljabara sunanta, babban sashe na littafin matsalolin gado da wasiyya ne. Malamin kimiyya a Kano yana da karofin Ƙofar Mata, inda ake haɗa baba da toka, a tsoma zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Darasin haɗuwar sinadari da iskar oksijin ke nan, wanda yara ke haddacewa ba su taɓa ganinsa ba. Yana da majema, inda 'ya'yan bagaruwa ke mayar da ɗanyar fata ƙirgi. Malamin kasuwanci yana da kasuwannin Kwari da Dawanau da adashin uwayen ɗalibansa. Marini ya san yadda ake yi, malami ya san dalilin da ya sa yake yiwuwa, kuma yaron da ya ji daga bakin su biyun shi ne zai iya kawo gyaran da babu ɗayansu da ya hango.

An ga haka a aikace. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon sassabe shi, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Masana sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta sake yin itatuwa ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5. Sanin manomi ne ya haɗu da na mai bincike. Nijar ɗin ce kuma ta haifi Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929. Ya kai ƙololuwa a ilimin fiziya a Faransa, ya wallafa littafi a 1964 a kan ilimi a Afirka yana sukar makarantar da ke raba yaro da harshensa da jama'arsa, sannan ya shafe shekaru a Yamai yana binciken yadda za a yi girki, a dafa ruwa, a jawo ruwa da zafin rana. Ya dubi abin da ƙasarsa ta fi kowa yawa, ya sa karatunsa a kai. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Maganar harshe da Farfesa Mumuni ya yi tana nan da ranta. Yaro ɗan shekara 6 ya zo makaranta da dubban kalmomi, ya san sunayen itatuwa da tsuntsaye, ya iya canjin kuɗi in an aike shi, ya iya tatsuniya da kacici-kacici. Ranar farko aka nuna masa duk wannan ba ya cikin lissafi, a fara daga harshen da ko a gida ko a titi ba ya jin sa. Abin da ya rage masa shi ne hadda, kuma abin da aka haddace ba a fahimta ba, ba ya fita daga aji. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na yankin a farkon firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara 6 ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. Nijar ta fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram a 1973. Yaranmu suna bukatar Ingilishi da Faransanci da Larabci, kuma sun fi saurin kama su in sun riga sun iya karatu da tunani da harshen da suka tashi da shi.

Duk wannan a wuyan malamin aji zai sauka, don haka dole a faɗi gaskiya game da halin da yake ciki. Mutumin da aka tara wa yara fiye da ɗari a ɗaki ɗaya, rabinsu a ƙasa, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ba a kuma taɓa tambayarsa komai ba sai yawan waɗanda suka ci jarrabawa, zai koyar da abin da za a tambaye shi ne. Gwamnatin da ke son makaranta ta haɗu da rayuwa sai ta horar da shi, ta biya shi a kan kari, ta rage masa yara, ta kuma sauya jarrabawar ta yadda za a ga abin da hannu da kai suka iya. Sai ta buɗe hanya tsakanin kwalejin fasaha da kasuwar Panteka, tsakanin tsangayar aikin gona da manomin da ke bayan katangarta, ta ba gwanin da ya koya a gareji shaidar abin da ya iya, ta ba almajirin tsangaya lissafi da sana'a ba tare da an raba shi da allonsa ba.

Akwai kuma rabon da ke kanmu, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Uba ya ƙi biyan kuɗin satar amsa ko da ɗansa zai maimaita shekara. Ya tura shi shago ko gona ko gareji lokacin hutu, ya kuma tambaye shi abin da ya gani a can wanda littafinsa ya yi bayani. Mai sana'a ya bar yaransa su je aji da safe, don bakaniken da ba ya karatu motocin yanzu masu kwamfuta za su bar shi a baya. Waliyyi in ya tambayi aikin mai neman aure, ya karɓi noma da ɗinki da walda a matsayin cikakkiyar amsa. Yara suna koyon darajar abubuwa daga yadda manya ke kiransu, tun kafin su iya karanta harafi. Muddin muna ce wa mai ciyar da gida goma da guminsa "ba shi da aiki" a gabansu, za su ci gaba da zuwa makaranta don gudun aiki, kuma babu manhajar da za ta iya gyara abin da bakinmu ke ɓatawa kowace safiya.